Babi na Shida: Ruwan Naƙuda

Duk macen da ke zuwa awo tana da wata rana da aka rubuta mata a jikin kati. Zuwanta na farko aka tambaye ta yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, aka ƙirga kwana 280 daga nan, wato mako 40, aka rubuta. Tun daga lokacin ranar ta zama ta kowa: miji ya riƙe ta, uwar miji ta riƙe ta, har maƙwabta sun ji labari. Alhali kuwa a cikin jarirai 100, waɗanda ke zuwa duniya daidai ranar da aka rubuta musu ba su wuce 4 ko 5 ba. A 2013 wasu masu bincike a Amurka sun fitar da sakamakon bin diddigin mata 125 waɗanda aka san ainihin lokacin da kowaccensu ta ɗauki ciki. Ko da aka cire waɗanda suka haifi bakwaini, tsakanin wadda ta riga kowa sauka da wadda ta fi kowa daɗewa akwai kwana 37.

Ke nan wucewar rana ba abin mamaki ba ne. Abin da za a yi bayan ta wuce shi ne ya daɗe yana raba kan masu karɓar haihuwa. Mace ta kai mako 41, ko ciwon baya ba ta ji. Ungozoma ta ɗora hannu a ciki, ta saurari bugun zuciyar ɗa, ta tambayi motsi, sannan ta ce: "Komai lafiya, Hajiya. Ki ƙara haƙuri, ki dawo jibi mu sake dubawa." A ɗaki na gaba likita ya duba katin nan dai, ya ƙirga kwanaki, ya ce: "Gobe da safe ki zo da kayanki, za mu tayar da naƙuda." Dukansu biyu sun yi karatu, dukansu so suke ta sauka lafiya. Akwai fa likitoci masu haƙurin gaske, akwai kuma ungozomomin da ledar ruwa ce abu na farko da suke kai wa hannu. Amma in aka duba abin da ƙungiyoyinsu ke rubutawa da abin da ake koyarwa a makarantunsu, za a ga inda kowane ɓangare ya karkata. Ungozomar da nake nufi a nan ita ce ta asibiti, wadda ta yi makaranta ta karɓi lasisi.

Yadda ake tayar da ita

Mutanenmu sun fi sanin ruwan naƙuda, amma ruwan shi ne matakin ƙarshe. Kafin a kai gare shi sai an ji halin da bakin mahaifa yake ciki. Mai dubawa za ta sa safar hannu, ta kai yatsu biyu. Bakin da bai shirya ba yana can baya, dogo, a rufe, da tauri kamar kan hanci. Wanda ya shirya ya matso gaba, ya gajarce, ya yi laushi kamar leɓe, har yatsa na iya shiga. A 1964 wani likita Ba'amurke, Edward Bishop, ya mayar da wannan taɓi lissafi: buɗewa, gajarcewa, laushi, inda bakin ya fuskanta, da yadda kan ɗa ya sauko, kowanne da makinsa, jimla daga 0 zuwa 13. Mai maki 8 zuwa sama da wuya ta ba da wahala. Mai 6 zuwa ƙasa sai an tausasa bakin tukuna, kuma a nan ne kwanaki ke tafiya.

Mafi sauƙin abin da ake yi, wanda ungozomomi da yawa suka fi so a fara da shi, shi ne a zagaya da yatsa ta cikin bakin mahaifa a ɗan raba fatar faya da jikin mahaifar, jiki ya saki sinadaran da ke farkar da naƙuda, mace ta koma gida ta jira. Akwai zafi, akan ɗan ga jini, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Daga nan sai magani irin su misofurostol, a sha ko a sa ta ƙasa. Ko kuma a zura siririyar robar nan ta fitsari ta bakin mahaifa, a cika 'yar balan-balan ɗin da ke kanta da ruwa, a manna jelar robar a cinya da filasta, matsinta ya riƙa buɗa bakin sannu a hankali har ta faɗo da kanta. In baki ya buɗe sai a fasa faya da wani ɗan ƙugiya na roba, sannan a rataya ruwa.

Abin da ake zubawa a ledar ruwan sunansa oksitosin, kuma jikin kowace mace yana yin nasa. A 1906 Henry Dale, wani masani ɗan Ingila, ya gano cewa ruwan wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana sa mahaifa ta murɗa. A 1953 Vincent du Vigneaud ya haɗa sinadarin a ɗakin gwaji a Amurka, ya karɓi kyautar Nobel a 1955, daga nan oksitosin ya shiga kwalba ya bazu a duniya. Sai dai jiki kaɗan-kaɗan yake sakin nasa, ya saki ya dakata. Na leda kuwa ɗigowa yake ba tsayawa, kuma babu mai iya sanin tun farko adadin da zai ishi wannan mace, domin abin da bai motsa wata ba yana iya sa mahaifar wata ta ɗaure tamau. Duk sanda mara ta murɗa, jinin da ke zuwa mabiyiya yana raguwa. A tsakanin murɗa da murɗa ne ɗa ke samun iskarsa. In murɗar ta wuce sau 5 cikin minti 10, hutu ya gajarce, ɗa ya fara galabaita, mahaifa kuma tana iya yagewa, musamman wadda aka taɓa yi wa tiyata ko ta mai haihuwa da yawa. Shi ya sa a 2007 wata cibiyar kula da amincin magunguna a Amurka ta sa oksitosin a jerin magungunan da kuskure da su ke da tsananin haɗari, jeri ɗaya da insulin. Aikin ungozoma a gefen gadon nan shi ne ta ɗora tafin hannu a saman cikin, idonta a kan agogo, tana ƙirga sau nawa ya ɗaure cikin minti 10 da daƙiƙa nawa yake yi kafin ya saki, ta saurari zuciyar ɗa, sannan ta ƙara ɗigon, ko ta rage, ko ta rufe shi ɗungurungum. Haka za ta yi ta yi duk rabin sa'a, dare ko rana, har ɗa ya faɗo.

Abin da kowa ke gani daga inda yake tsaye

Likitan mata ba a cika kiransa ba sai abu ya ɓaci. Haihuwa da yawa kan wuce lafiya a hannun ungozomomi bai ma san an yi ba. Shi ake tasa da tsakar dare in an nemi bugun zuciya an rasa. Shi zai ɗora na'urar hoton ciki ya ga zuciyar a tsaye, shi kuma zai buɗe baki ya gaya wa matar da ta riga ta wanke kayan jariri ta ninke su a akwati. Wanda ya taɓa yin wannan, in ya ga kati ya nuna mako 41, hankalinsa ba zai kwanta ba. Yana kuma da alƙaluma a hannu. Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya tattara bayanan ciki miliyan 15 daga ƙasashe masu arziki, ya nuna haɗarin mutuwar ɗa a ciki yana hawa mako bayan mako: kusan 1 cikin 10,000 a mako 37, sama da 3 cikin 1,000 a mako 42.

Akwai inda babu gardama. A Holan, a wani gwaji da aka buga a 2009, an raba mata 756 masu hawan jinin ciki gida biyu bayan sun wuce mako 36. Waɗanda aka jira da su, kashi 44 cikin 100 jikinsu ya ƙara tsanani. Waɗanda aka tayar wa naƙuda, kashi 31. A 1996 wani gwaji da likitocin Kanada suka jagoranta a kan mata 5,041 ya nuna in faya ta fashe naƙuda ba ta biyo baya ba, rataya ruwa yana rage shigar ƙwayoyin cuta mahaifa ba tare da ya ƙara yawan tiyata ba. Haka nan in ɗa ya daina girma, ko motsi ya ragu aka ga alamar yana shan wahala. Ungozomar kirki ba ta musu a waɗannan, sau da yawa ma ita ce ke fara ganin alamar ta tura mace wurin likita. Gardamar ta fi zafi a kan lafiyayyar mace mai lafiyayyen ciki, wadda babu abin da ake tuhuma game da ita sai ƙirgen kwanaki.

Likita zai rubuta umarni ya wuce zagayen marasa lafiya. Ungozoma ce ke kwana da abin da ya rubuta. Mai cikin fari wadda bakin mahaifarta bai yi laushi ba tana iya yin kwana biyu, har uku, a gadon asibiti, ga ciwo, babu ci gaba, babu barci. Da an rataya ruwa hannu ɗaya ya ɗauru, inda akwai na'ura ciki ma ya ɗauru da igiyoyinta. Zagaye, durƙuso, dafa bango, duk abubuwan da ke rage wa mai naƙuda zafi, sai su yi wuya. Mata da yawa suna cewa ciwon ruwa ya fi na naƙudar da ta zo da kanta tsanani, ba ya ba da damar numfashi. Zafi ya sa a nemi allurar baya, allura ta kwantar da mace wuri ɗaya, naƙuda ta ja, ɗa ya gaji, a garzaya ɗakin tiyata. Ungozomomi sun sha ganin wannan sarƙa, kowane mataki yana jawo na gaba, kuma su ne matar ke riƙe wa hannu tana cewa, "Sista, don Allah a cire min ruwan nan."

Tsoronsu yana da tarihi. A tsakiyar shekarun 1960 kusan kashi 15 cikin 100 na haihuwa ne ake tayarwa a Ingila da Wales. Zuwa 1974 abin ya kai wajen kashi 40. Asibitoci sun gano ana iya tsara haihuwa ta faɗo da rana, a ranakun aiki, lokacin da ma'aikata ke cike, har alƙaluman ƙasa suka nuna haihuwa na raguwa ranar Lahadi da ranakun hutu. Jaridar Sunday Times ta yi rubutu mai zafi a kai a 1974, BBC ta yi shirin talabijin a 1975, Sheila Kitzinger ta tattara labaran mata a shekarar. Da Ann Cartwright ta buga bincikenta a 1979, mafi yawan matan da aka tayar wa naƙuda sun ce ba za su so a sake yi musu ba. Adadin ya sauka bayan hayaniyar nan, amma ungozomomin Birtaniya ba su manta cewa an taɓa rataya wa dubban mata ruwa don jin daɗin jadawalin aiki ba.

Akwai wani labari daga Dublin da ke tsaya mini a rai. A ƙarshen shekarun 1960 Kieran O'Driscoll, shugaban babban asibitin haihuwa na birnin, ya fito da tsarin hana doguwar naƙuda ga masu cikin fari: a tabbatar naƙuda ta kama da gaske, a fasa faya, in ba ta ci gaba a rataya oksitosin, a kuma yi wa mace alkawarin za ta sauka cikin sa'a 12. Tsarin nasa na ƙara wa naƙuda ƙarfi ne bayan ta fara, amma ya taimaka wajen sa duniya ta saki jiki da ledar ruwa. Abin da ake yawan mantawa shi ne wani ginshiƙi na tsarin: kowace mace tana da ma'aikaciya ɗaya a gefenta, ba ta barin ta har ta haihu. Asibitoci da dama a duniya sun kwafi ruwan, suka bar mai zaman gadon, domin ruwa yana da arha, ma'aikaciya kuwa sai da albashi.

Gwaje-gwajen da suka girgiza kowa

Shekara da shekaru hujjar ungozomomi mafi ƙarfi ita ce tayar da naƙuda yana ƙara yawan tiyata. A watan Agusta na 2018 sakamakon wani gwaji mai suna ARRIVE, ƙarƙashin jagorancin William Grobman, ya taɓa wannan hujja. A asibitoci 41 na Amurka an ɗauki lafiyayyun mata masu cikin fari 6,106, aka raba su ta hanyar ƙuri'a: rabi a tayar musu a mako 39, rabi a jira. Waɗanda aka tayar wa, kashi 18.6 cikin 100 ne aka yi wa tiyata. Waɗanda aka jira da su, kashi 22.2. Hawan jini ma ya fi ƙaranci wajen na farkon, kashi 9.1 a kan 14.1. Ta ɓangaren jarirai, bambancin bai kai wanda za a dogara da shi ba. Dalilin da ya sa aka daɗe ana ganin akasin haka shi ne tsofaffin nazarce-nazarce suna kwatanta wadda aka tayar wa da wadda naƙuda ta zo wa da kanta a wannan makon, alhali mace ba ta da zaɓin "naƙuda ta zo mini yau". Zaɓinta shi ne a tayar ko a jira, kuma mai jira tana iya haɗuwa da hawan jini, ko ɗa ya ƙara girma, ko a ƙarshe a tayar mata ɗin dai. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce babu laifi a ba mai cikin fari wannan zaɓi a mako 39.

Ungozomomin Amurka ba su ƙaryata alƙaluman ba, sai suka karanta su da kyau. Sama da mata 22,000 ne suka cancanci shiga gwajin, kusan kashi 27 cikin 100 kawai suka yarda. Sauran sun ce a bar su. Kusan duk waɗanda suka shiga likitoci ne ke kula da su, na hannun ungozoma kaɗan ne ƙwarai. Sai an tayar wa mata 28 kafin a kauce wa tiyata ɗaya, kuma waɗanda aka tayar wa sun yi wajen sa'a 20 a ɗakin haihuwa, sauran kuwa sa'a 14. Sannan an buƙaci likitocin gwajin su yi haƙuri na aƙalla sa'a 12 bayan fasa faya da rataya ruwa kafin su ce abin ya gagara, haƙurin da ba kowane asibiti ke da shi ba. Suka kuma tuna wa mutane wani nazarin ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwaje, na 2017 a kan mata kusan 16,000, wanda ya nuna samun mutum ɗaya da zai zauna da mai naƙuda daga farko har ƙarshe yana rage tiyata da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, fiye da abin da ARRIVE ya samar, ba allura, ba leda. A ganina wannan amsa tana da nauyi. Gwajin ya nuna ana iya tayar da naƙuda a mako 39 ba tare da cutarwa ba a asibitin da ke da kayan aiki da ma'aikata da haƙuri. Bai nuna cewa kowace lafiyayyar mace tana buƙatar hakan ba.

Mako 41 kuwa wani zance ne daban, kuma a nan Suwidin ce ta yi magana. Ƙasa ce da ungozomomi ke riƙe da haihuwa, kuma a lokacin al'adar yawancin asibitocinta ita ce a jira har mako 42. Suka shirya gwaji mai suna SWEPIS da niyyar ɗaukar mata sama da 10,000, rabi a tayar musu a mako 41, rabi a jira zuwa 42. A watan Oktoba na 2018 aka dakatar da shi, an ɗauki mata 2,760 kacal. Jarirai 6 sun mutu a ɓangaren masu jira, 5 a ciki, 1 jim kaɗan bayan haihuwa, dukansu 'ya'yan fari. A ɓangaren da aka tayar wa babu ko ɗaya, kuma yawan tiyata bai bambanta ba. Masu binciken suka ga bai halatta a ci gaba ba. A Holan, inda aka yi irin wannan gwaji mai suna INDEX da mata 1,801, yawancinsu a hannun ungozomomi, jariran da suka samu matsala kashi 1.7 ne a ɓangaren tayarwa, kashi 3.1 a ɓangaren jira. Marubutan suka ce haɗarin kaɗan ne a duka ɓangarorin, a gaya wa mace ta zaɓa. Da Cochrane ta haɗa gwaje-gwaje 34 a 2020, mata sama da 21,000, an samu mutuwar jarirai 4 inda aka tayar, 25 inda aka jira. Sai an tayar wa mata 544 kafin a ceci ɗa ɗaya.

Wannan adadi na 544 shi ne zuciyar gardamar. Ungozoma tana kallon mata 543 da suka sha wahalar ruwa alhali da an bar su za su sauka lafiya. Likita yana kallon ɗayar. Babu wanda ya san wace ce ita kafin abin ya faru, kuma ni dai ban ga yadda za a ɓoye wa mace wannan lissafi a yanke mata hukunci ba, ko ta wane ɓangare. A mako 41 hujjar likita ta fi ƙarfi, ya kamata a faɗi haka ƙarara.

Aƙida tana kisa ko daga ina ta fito. Rahoton Bill Kirkup na 2015 a kan asibitin Furness da ke Morecambe Bay a Ingila ya tarar da ungozomomin da suka nace sai mace ta haihu da kanta ko ta halin ƙaƙa, ba sa ga maciji da likitoci. Ya ce da an yi abin da ya dace da ana sa ran uwa 1 da jarirai 11 ba su mutu ba. Rahoton Donna Ockenden na 2022 a kan asibitocin Shrewsbury da Telford, ita kanta ungozoma ce, ya tarar ana ta ƙara wa mata oksitosin ba bisa ƙa'ida ba don gudun tiyata, ga kuma iyaye mata suna kuka ba a saurarensu. A 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar da daftarin da ya ce a duba yiwuwar tayar wa baƙaƙen fata da 'yan Asiya naƙuda tun mako 39, saboda sun fi rasa 'ya'ya. Ungozomomi da ƙungiyoyin mata suka yi ca, suka ce launin fata ba cuta ba ne, a gyara irin kulawar da ake ba su. Da aka fitar da ƙa'idar a watan Nuwamba an cire wannan sashe. Duk da haka adadin matan da ake tayar wa naƙuda yana ta hawa: a Amurka daga ƙasa da kashi 10 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 31 a 2020, a Ingila ma kusan haihuwa ɗaya cikin uku.

A namu ɓangaren

Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta kan wannan batu a 2011, ta kawo wani bincike nata na asibitoci 373 a ƙasashe 24. Siri Lanka ce a sama, kashi 35.5 cikin 100 na haihuwa ake tayarwa. A can ƙasan jerin Nijar ce, kashi 1.4. A Najeriya kuwa binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne ke haihuwa a asibiti, a Arewa maso Yamma kashi 16. Wanda ya ɗauko gardamar Amurka ya dasa ta a Maradi ko Gusau yadda take, ya yi kuskure. Mai hawan jini a wajenmu sau da yawa ba a gano ta sai ta fara jijjiga, mai fasasshiyar faya tana iya kwana uku a gida. Waɗannan su ne ya kamata a tayar wa naƙuda, kuma su ne ba sa samu.

Ƙa'idojin hukumar suna da sharuɗɗa da suka fi shafarmu fiye da kowa. Ta yarda a tayar wa wadda ta kai mako 41, amma wadda aka tabbatar ta kai. Mace da ta fara awo a wata na shida, ko ta ɗauki ciki tana shayarwa ba ta ga al'ada ba, ranar da ke katinta hasashe ce, hoton ciki na ƙarshen watanni kuma yana iya kuskure da kusan mako uku. In aka tayar bisa irin wannan rana, ana iya fito da ɗan da huhunsa bai ƙosa ba a garin da babu kwalbar jarirai. A nan haƙurin ungozoma yana da hujjar da babu ita a Suwidin. Hukumar ta kuma ce a yi shi inda za a iya tiyata in ta kama, kada a ba wadda aka taɓa yi wa tiyata misofurostol, kuma kada a taɓa barin mace ita kaɗai bayan an ba ta maganin naƙuda. Ungozoma ɗaya a kan gadaje da yawa cikin dare ba za ta iya ɗora hannu a kowane ciki duk rabin sa'a ba, ko da kuwa ita ce mafi ƙwarewa a jiha.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin ya riga ma'aikacin isa ƙauye. Oksitosin da misofurostol suna ceton rai bayan ɗa ya fito, domin su ne ke tsayar da zubar jini. Najeriya ce ma ƙasa ta farko da ta yi wa misofurostol rajista don wannan aiki, a 2006. Kada mace ta ƙi allurar da ake yi bayan haihuwa. Amma ƙwayar da ke kemis mai ƙarfin 200 ce a ma'aunin maikurogiram, abin da ake tayar da naƙuda da shi kuwa 25 ne, kashi ɗaya cikin takwas, kuma a ƙarƙashin ido. Oksitosin da aka tsira a cinya ɗa yana ciki ba shi da makunni. In mahaifa ta ɗaure babu abin da za a rufe. Shi kansa maganin sanyi yake so, firji, kuma da hukumar NAFDAC da abokan aikinta suka gwada samfuran da aka tattaro a faɗin ƙasar a 2016, kashi 74 cikin 100 na oksitosin bai cika ƙa'ida ba. Wanda ya saba da raunanan kwalabe yana ninka allura, ranar da ya samu mai cikakken ƙarfi sai mahaifa ta biya. Duk da haka dangi ne da kansu ke roƙo, "A taimaka a yi mata allura ta huta," suna ganin jinƙai ne.

In ke ce mai cikin, ko kai ne maigidan, ko ke ce uwar da za ta raka ta, aka ce za a tayar da naƙuda, ku tambaya cikin ladabi mene ne dalili, me zai faru in an ƙara kwana biyu, da me aka dogara wajen ƙirgen kwanaki, wa zai zauna kusa da ita bayan an rataya ruwa, kuma ina ɗakin tiyata da jini in an buƙata. Likita ko ungozomar da suka san aikinsu ba za su ji haushin waɗannan tambayoyi ba. In dalilin hawan jini ne, ko faya ta fashe, ko motsi ya ragu, ko an tabbatar ciki ya kai mako 41, kada tsoron ruwa ya sa ku sulale ku koma gida. Allura ko ƙwayar naƙuda a ɗaki kuwa, ɗa yana ciki, ko wa ya kawo ta kada ku yarda.